Barka da Kirsimeti daga Manchesta

Manchesta, Ingila
Alhamis, 25 ga Disamba, 2025

Baba da Mama, Yaya da iyalinsa, Auta, da duk wanda ya shigo gida cin shinkafa yau,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti, barkanmu da ganin wannan rana da rai da lafiya. Ina fata hunturun bana bai matsa wa ƙirjin Baba ba, ƙafar Mama kuma ta yi sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai godiya, sai kuma kewa.

Tun daren jiya na fara rubutun nan, yanzu ƙarfe biyar na asuba nake ƙarasawa, wato shida a wurinku. A nan gari ba ya wayewa sai bayan takwas, kafin huɗu na yamma kuma rana ta faɗi. Na rufe ido ina ganin Badawa, unguwarmu a Kano: hazo ya sauka har ba a hango ƙarshen layi, Mama ta ɗora tukunya ta biyu, ƙamshin soyayyiyar albasa ya haura katanga, yaran Yaya sun hana kowa sakat da maganar sabbin kaya. An jima Baba zai tsaya a ƙofar gida da babbar rigarsa yana duban agogo yana cewa za a makara sujada, Auta ta fita titi tarar adaidaita. Kirsimeti na huɗu ke nan da nake yi ba tare da ku ba.

Na san za ku ce me ya kawo wasiƙa ga waya a hannu. A waya kowa na son ya sa baki, ga layi na yankewa, ga shi kuma akwai maganar da in na ji muryar Mama ba zan iya fitar da ita ba. Auta, in an dawo daga sujada an ci an ƙoshi, ki karanta wa kowa a tsakar gida. Kada ki tsallake ko layi ɗaya, har wurin da za ki ji nauyi.

Baba, Mama, na yi kusan shekara biyu ba na addu'a.

Ban bar zuwa sujada ba, ban fasa ba da baiko ba, in Mama ta tambaye ni a waya ina cewa muna nan muna yi. Amma durƙuso irin wanda kuka koya mana, in buɗe baki da Allah kamar mai magana da ubansa, wannan ya mutu mini murus. Abin bai zo rana ɗaya ba. Kun san da bizar masu kula da tsofaffi na shigo a 2022, shekarar da aka buɗe ƙofarta. Abin da ban gaya muku ba shi ne bizar a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki. In aikin ya kuɓuce, kwana sittin ake ba mutum ya nemi wani mai ɗaukar nauyinsa, in bai samu ba ya tattara. Wurin da na fara aiki suka dinga rage mini sa'o'i, ni kuma ba bakin magana, don takardata na hannunsu. Tun daga nan addu'ata ta koma lissafi: Ubangiji takarda, Ubangiji kuɗin haya, Ubangiji abin da zan aika gida. Kullum ni, kullum ba ni. Allah cikin alherinsa ya buɗe mini wani wurin aikin, amma ko da buƙatar ta biya sai na tarar ba ni da sauran abin da zan ce masa. Kun san rijiyar gidan Kaka in bazara ta yi nisa, a zura guga a ji ya bugi ƙasa, a jawo laka. Haka cikina ya zama. Littafi Mai Tsarki na Hausa da Mama ta cusa mini a akwati ranar da zan taho yana nan ƙasan kaya inda ta sa shi, tsakanin ƙullin kuka da daddawa.

Yanzu bari in ba ku labarin wanda Allah ya yi amfani da shi.

A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wani dattijo Bature a ɗakin ƙarshe na bene. Ƙa'idar aiki ta hana in faɗi sunansa. Ya haura tamanin, yana da ciwon mantuwa, irin wanda mutum ke manta sunan 'ya'yan cikinsa, in ya yi nisa har haɗiyar abinci sai an tuna masa. Wata takwas ina yi masa wanka, ina ba shi abinci a baki, ina juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ban taɓa ganin wani ya zo duba shi ba. In za a bi gaskiya, ni ma ban taɓa dubansa ba. Hannuna na kansa, idona na kan agogo, zuciyata na ƙirga fam nawa na yi a ranar.

Wata Lahadi cikin watan Maris daga sujada na wuce aiki kai tsaye. Na sa rigar aiki, amma saboda sanyi na bar ɗankwalin atamfar nan a wuyana, mai shuɗi da ruwan ɗorawa, wadda Mama ta saya mini a Kantin Kwari. Ina sunkuyawa in gyara masa matashi sai ya kama gefen ɗankwalin. Ya juya bayansa ya duba, ya murza shi tsakanin yatsa biyu, daidai yadda mata ke yi a Kwari in suna son rabe ta gaske da jabu. Sannan ya ɗago ido ya dube ni. Mutumin da kan kwana uku bai ce uffan ba, sai ga shi yana ce mini wannan ai aikinsa ne. Ashe tun yana saurayi a masana'antar buga atamfa ya yi aiki. Baba zai tuna atamfar Ingila da ake ji da ita a lefe; a wajen garin nan aka yi shekara da shekaru ana buga ta ana kaiwa ƙasashenmu, kafin aikin ya koma Gana.

Ya yi kusan rabin sa'a yana magana. Yadda ake ɗora wa farin ƙyalle danƙo a fitar da zane, a tsoma shi a baba, a farfasa danƙon don rini ya ratsa ya bar jijiyoyin nan da muke gane ta gaske da su, sannan a bi da sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa a garinmu akwai marina a Ƙofar Mata, masu rini hannunsu shuɗi har gwiwar hannu. Ya yi dariya, ya miƙo mini tafukansa biyu yana juya su, kamar har yanzu rinin na nan. Fata ce kawai da ƙashi, suna rawa.

Washegari ya manta ni, ya manta hirar. Ni kuwa a daren ban runtsa ba. Na yi ta tunanin zannuwan Kaka da ke ƙasan adaka, waɗanda ba ta fito da su sai Kirsimeti da Ista, ina cewa wataƙila wani cikinsu ya bi ta hannun mutumin nan. Hannun da ya yi wa iyayenmu sutura, yau babu mai riƙe shi. Na tashi na zazzage akwati na ciro Littafin. Har yau shafukansa ƙamshin daddawa suke yi, kuma ba na so ya fita. Na buɗe Matiyu sura 9, wajen ƙarshe, inda Yesu ya ga taron jama'a ya ji tausayinsu, don sun jigata sun warwatse kamar tumakin da ba makiyayi. Tun Makarantar Lahadi na haddace wurin, amma ban taɓa lura da yadda abin ya jeru ba. Ya gani, ya ji tausayi, sai abu na farko da ya umarci almajiransa shi ne su roƙi Ubangijin girbi ya aiko ma'aikata. Ana shiga sura 10 kuma, su ɗin da aka ce su yi roƙon, su aka aika.

Na durƙusa a gefen gado. Ban roƙi kome don kaina ba, ba don na kai wani matsayi ba, kawai tsohon ne ya cika mini zuciya. Na ce, ya Uba, ka dubi bawanka, ba shi da kowa, kai ka san sunansa ko da shi ya manta. Da Hausa maganar ta fito. Shekara biyu ina ƙoƙarin haɗa addu'a da Turanci kamar mai cika takardar ofis, ran nan harshen da Mama ta yi mini rarrashi da shi ne ya ɓalle. Na yi kuka har maƙogwarona ya dushe. Da na tashi na ji kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka bayan doguwar tafiya.

Abin da na gane ke nan, kuma shi na zauna in rubuto muku. Da ina ɗauka sai na farfaɗo tukuna, na cika da Ruhu, sannan in sami abin da zan ba wani. Ni dai ta baya abin ya zo mini. Ranar da Allah ya ɗan ɗora mini abin da ke damunsa game da mutum ɗaya, ranar bakina ya buɗe. Ashe duk tsawon lokacin nan Allah yana ɗakin ƙarshe na bene tare da tsohon, ni ce nake shiga ina fita ban gaishe shi ba.

Na sayi ɗan littafin rubutu na fara jera sunaye. Tsohon ne na farko. Sai wata abokiyar aikina 'yar Kerala ta ƙasar Indiya, wadda ta zo bayan Maris na 2024, lokacin da aka hana masu irin bizarmu tahowa da iyali, ta baro yara biyu wurin uwarta. A ɗakin shan shayi take taya su aikin makaranta ta waya. Sai wata Musulma 'yar Sudan, wadda danginta suka watse daga Kartum tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mahaifiyarta na gudun hijira a Masar ga ciwon suga. Ranar da na ce mata ina sa mahaifiyarta a addu'a kowace asuba, ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce amin, ta kasa ƙara kome. Yanzu littafin ya kusa rabi. Kuma wanda duk ka ambaci sunansa gaban Allah da asuba, ba ka iya wuce shi da rana kamar ba ka gan shi ba. Ko dai ka tsaya ka tambayi lafiyarsa, ko ka karɓar masa aikin dare, ko ka raba abincinka biyu.

Mama, a nan na gane ki. Muna yara in na farka da asuba nakan ji ki a ɗaki kina jero sunaye, har da na mutanen da ba su san kina yi ba: mai shayin bakin layi, matar da ke kawo mana wanki, Sarki, gwamna, ɗan maƙota da ya shiga shaye-shaye. Kuma ban manta Juma'ar nan ba, 28 ga Nuwamba 2014, da aka kai hari babban masallacin cikin gari kusa da gidan Sarki, mutum sama da ɗari suka rasu. Kina tsintar shinkafa labari ya zo. Kika ajiye faifan, kika durƙusa nan tsakar gida kan siminti kina kuka kina roƙo. Ni kuwa zuciyata na tafasa da abin da aka yi wa masu sujada a Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, da na tashar New Road a Maris na 2013, na ce da aka yi mana namu wa ya yi kuka? Alhali Hajiya ta maƙota har ɗaki ta shigo ta yi mana jaje a lokacin, fushi ne ya mantar da ni. Kika ɗago kika ce, ke, rufe bakinki, uwar da ta rasa ɗa a can da wadda ta rasa a nan hawayensu ɗaya ne, kuma kunne ɗaya ke jin su. Baba bai ce kome ba, ya sa hula ya tafi Asibitin Murtala ba da jini. Shekara goma sha ɗaya ke nan, sai bana maganar ta shige ni.

Baba, labarin nan da kake ba mu duk shekara in makon masu bishara ya zagayo, na samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da suka sauka Legas a Disamban 1893 da niyyar shigowa ƙasar nan tamu. Cikin shekara guda biyu suka mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku, ba su ko ga ganuwar Kano ba. Sai da aka yi kusan shekara arba'in kafin mishan ɗin da suka fara ta zauna a Kano, daga baya aka buɗe asibitin ido a 1943, wanda har gobe ake zuwa daga Nijar da Chadi, ba a tambayar mutum addininsa kafin a duba shi. Da ina jin labarin a matsayin na jarumtar maza. Yanzu abin da ke tsaya mini shi ne mahaifiyar Gowans a Toronto, wadda ta zaunar da Bingham a ɗakinta ta zuba masa nauyin da ke zuciyarta saboda mutanen da ba ta taɓa gani ba. Mu ne mutanen. Idon Kaka da aka yi wa aiki a asibitin nan har ta koma karanta Zabura da kanta, in aka bi sawunsa, a durƙuson wata uwa zai tsaya.

To, yanzu na zo wurin mai nauyi. Yaya, da kai nake.

Kowa a gidan nan ya san abin da ya shiga tsakaninmu kan kuɗin ginin da na yi ta aikowa, ba sai na tona ba. Na toshe lambarka. Na aiko maka da saƙon murya da kalmomin da ƙanwa ba ta gaya wa wanta. Littafin nan nawa ya cika da sunayen Turawa da Indiyawa da 'yan Sudan, naka babu. Ina sane. Duk asuba in na zo kan 'yan gida sai in ambaci Baba, Mama, Auta, matarka da yaranka, in tsallake ka kamar mai tsallake kwata.

Cikin watan Agusta karatuna ya kai littafin Yunusa. Kowa ya san kifin, amma sura ta 4 ce ta kama ni. Allah ya ji tausayin Nineba, Yunusa ya fita bayan gari ya zauna yana fushi. Allah ya tsiro masa da ɗan tsiro ya yi masa inuwa, washegari tsutsa ta cinye shi, rana ta buge shi, ya ce gara ya mutu. Sai Allah ya tambaye shi: kai kana jin zafin tsiron da ba ka yi wahalarsa ba, ni kuwa kada in ji tausayin birnin da ke da mutum fiye da 120,000 waɗanda ba su san dama da hagu ba, ga dabbobi da yawa? A kan tambayar littafin ya ƙare, ba a gaya mana amsar Yunusa ba. Na rufe Littafin na zauna shiru. Ni na yi wahalar kuɗina, Allah ya sani, da ciwon baya na tara su. Amma ginin nan inuwa ce da nake tanadar wa kaina, kuma na fi shekara ina makokin inuwa, ban taɓa tambayar halin da ɗan'uwana yake ciki ba.

Da ƙyar na rubuta sunanka. Makon farko iyakar abin da nake iya cewa shi ne, Ubangiji, ga Yaya. Daga baya Allah ya fara nuna mini abin da na ƙi gani: yadda kaya suka yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a 2023, yadda jarin masu ƙaramin ƙarfi ya narke a kasuwar Singa, magidanci da yara huɗu da kuɗin makaranta, da kunyar da ta hana ka buɗe baki ka ce ƙanwata, na shiga uku. Ɓoyewar da ka yi ba daidai ba ce, kai ma ka sani. Amma na tuna wanda ya riƙa goya ni a keke zuwa makaranta, wanda ya sayar da babur ɗinsa aka cika kuɗin jirgina. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Yaya, na yafe maka, duniya da lahira. Ba na bin ka ko kwabo, kada kuma wani ya sake tayar da maganar a gidan nan. Ni ma ka yafe mini abin da bakina ya faɗa. Na buɗe lambarka tun jiya.

Sauran saƙonni. Mama, ɗan abin da na aiko ranar Litinin, na san an kai kajin wurin Malam ya yanka kamar kullum don maƙota su ci da kwanciyar rai. A fara kai kwanon Hajiya kafin na kowa, a ce ina gaishe ta, ban manta naman layyar da take aiko mana ba. A zuba wa almajiran da ke zuwa ƙofar gida da nama a kai, ba ƙanzo ba, a kuma tambayi kowannensu sunansa, Auta ta rubuto mini. In da hali a kai kula ɗaya asibitin ido, ba a rasa mai jinyar da ya zo daga nesa ba shi da kowa a gari. Ranar da Zumuntar Mata za ta zauna, ki roƙar mini iyayena su sa tsohon nan a addu'a. Ki ce musu tsohon atamfa, Allah ya san wanda ake nufi. Jikinsa ya yi rauni ƙwarai tun shigowar sanyi.

Auta, maganar tahowarki: tun 22 ga Yulin bana aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Duk dillalin da ya ce ki kawo kuɗi zai samo miki takardar wannan aikin, cuta ce. Ki riƙe karatunki, za mu yi magana a tsanake.

Yau a garin nan ba jirgin ƙasa, ba taragon cikin gari, manyan kantuna duk a rufe, tituna tsit kamar an yi shara. Da ƙafa zan tafi, tafiyar minti arba'in ce. Abokiyar aikina 'yar Sudan ta ce in huta ta karɓar mini yau, tunda na karɓar mata ranar Sallah, na yi mata godiya na ce a'a. 'Yan'uwan sauran tsofaffin za su cika gidan da kyaututtuka, ba na so ɗakin ƙarshe ya zama shi kaɗai ba baƙo. Na goge ɗankwalin na ajiye kan kujera. Da ƙarfe uku, in an tara su kallon jawabin Sarki Charles a talabijin, zan zauna kusa da shi in karanta masa Luka sura 2, in yi masa waƙar Kirsimeti ɗaya da Hausa, ko ya gane ko bai gane ba.

Ina tashi aiki ƙarfe takwas, wato tara a wurinku. Zan kira da tara da rabi agogonku. Yaya, wayarka zan kira, ka ɗauka da kanka, sannan ka miƙa wa Baba ya yi mana addu'a gaba ɗaya.

A gaishe mini da Gwaggo da Kawu, da Fasto da dattawan ikilisiya, da 'yan ƙungiyar mawaƙa, da duk mutanen layinmu. A shafa mini kan yara. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Taku har kullum,
'Yarku ta Ingila